Sabon tuwo ko ɗumame: me ya sa fina-finai suka koma kashi na biyu da na uku?

Wani ƙanena da ke karatu a jami'a nan Maraɗi ya turo mini tambaya, ya ce: "Yaya, kai da ka tsufa cikin harkar fim, don Allah me ya sami masu shirya fim ne? Duk wanda na buɗe sai in tarar kashi na biyu ne, ko na huɗu, ko na goma, ko kuma tsohon fim ne aka sauya wa riga. Basira ce ta ƙare a duniya, ko mu ne aka raina?"

Ƙanena, basira tana nan. Tsoro ne ya yi yawa, kuma kuɗi ne suka haifi tsoron. Amma bari in fara maka daga allon gidan kallona, don a nan na fara fahimtar abin tun ban san yadda ake lissafin fim a Amurka ba.

Cikin shekarun 1990 ina da rumfar kallo a Sabon Gari: tele ɗaya, bidiyo ɗaya, bencina shida, da ɗan janareto saboda ɗaukewar kuran. A bakin ƙofa akwai baƙin allo da nake rubuta fim ɗin ranar da alli. Yara dala biyar, manya dala goma. Wata rana na dawo daga Kano da wani kaset da ya burge ni ƙwarai, labari mai ma'ana, amma ba wanda ya san jarumin ciki. Sau biyu na kalle shi ni kaɗai cikin dare, na ce gobe sai an yi turereniya. Na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe har da ja masa layi. Mutum tara suka shiga, uku cikinsu ƴaƴan maƙwabta ne da ba na karɓar kuɗinsu. Ko kuɗin mai ban mayar ba. Washegari na goge allo na rubuta Rambo 3, kaset ɗin da ya sha kallo har hotonsa na rawa, sai an buga wa bidiyon tafi a ka kafin ya daidaita. Rumfa ta cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a tsaye. Sun haddace fim ɗin, tun kafin akta ya ɗaga hannu suna ihun abin da zai yi.

Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya wuni yana tallan ruwa ya samu dala biyar ɗaya tak ba zai yi caca da ita ba. Tambayarsa a bakin ƙofa biyu ce: "Wa ke ciki?" da "Ci gaban wancan ne?" Ni kuma da na ƙona mai a banza sau ɗaya, sai na zama kamar wanda maciji ya sara, ko tsumma na gani sai in ja da baya. To mutumin da ke zaune a ofis a Los Anjeles zai sa hannu kan dala miliyan 200, ina nufin dalar Amurka ba dalarmu ta sefa biyar ba, tunaninmu ɗaya da shi. Girman tukunya ne kawai ya bambanta.

Ga yadda lissafinsu yake. Babban fim a yau yakan ci dala miliyan 150 zuwa 250 wajen ɗauka, wani ma ya zarce. Sannan a ware kuɗin talla daban, wanda shi ma kan haura miliyan 100. In fim ya fita, gidajen silima su riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. A ƙasar Sin ma kamfanin waje kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake samu. Shi ya sa masu harkar ke cewa sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na kuɗin da aka ɗauke shi kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Kuma mako na farko ne ke yanke hukunci: daga Juma'a zuwa Lahadi an san ko fim ya tashi ko ya kwanta. In labarin sabo ne fil, sai ka fara koya wa duniya sunansa, ka gaya musu ko wane ne wannan, me ya sa za su bar gida su biya. In kuwa kashi na biyu ne, rabin tallan an riga an yi maka shi shekaru uku da suka wuce, kuma da kuɗin ƴan kallo aka yi.

Akwai wani abu da ya mutu wanda matasa ba su lura da mutuwarsa ba, shi ne kasuwar kaset da faifai. A da, fim zai iya faɗuwa a silima ya tashi a shago. Bayan wata shida a buga shi a faifan DVD, mutane su saya, masu haya su saya, tashoshin tele su saya. Wannan kuɗi na biyu shi ne ya riƙe fina-finai matsakaita, irin na miliyan 30 ko 40: labarin iyali, labarin kotu, barkwanci, soyayya, inda sababbin labarai suka fi zama. Kasuwar faifai ta kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 2000, daga nan ta yi ta zamewa har kallo ta intanet ya binne ta. Da ta mutu, sai silima ta koma gida biyu: ƙaton fim mai suna, ko ƙaramin fim mai arha wanda ko ya faɗi ba wanda zai yi kuka. Na tsakiya suka watse, wasu suka koma Netflix da ire-irensa, wasu suka zama fim mai dogon zango. Don haka in ka ce ba ka ganin sabon labari, wani ɓangare na amsar shi ne ya ƙaura daga inda kake dubawa.

Dubi abin da Disney ya yi ka ga inda hankalinsu ya karkata. A 2006 ya sayi Pixar kan dala biliyan 7.4. A 2009 ya sayi Marvel kan kusan biliyan 4. A 2012 ya sayi Lucasfilm, mai Star Wars, shi ma kusan biliyan 4. A 2019 ya haɗiye mafi yawan kamfanin Fox kan sama da biliyan 71. Kyamara suka saya da wannan kuɗi? Sunaye suka saya. Wanda ya zuba biliyan huɗu kan suna kuwa dole ya tatse shi, a silima, a tele, a jikin rigar yara, a jakar makaranta, a wurin wasa. Wani lokaci ma takarda ce ke tilasta fim. Kamfanin Sony yana riƙe da haƙƙin fim na Spider-Man bisa sharaɗin in ya daɗe bai yi fim ba, haƙƙin ya koma wa masu shi. Shi ya sa ka ga an fara labarin daga tushe a 2002, an sake a 2012, an kuma sakewa a 2017, da jarumai uku daban-daban.

Sai kasuwar duniya. Barkwanci ba ya tsallake iyaka cikin sauƙi, abin da zai sa ɗan Amurka dariya ba lalle ya motsa ɗan Sin ko Bahaushe ba. Mota mai tashi sama kuwa ba ta buƙatar tafinta. Fast and Furious ya fara a 2001 da labarin ƴan tseren mota masu fashin manyan motoci, kuma abin da zai ba ka dariya, cikin kayan da suke sata har da na'urar kallon DVD. Zuwa kashi na tara a 2021 an harba mota sararin samaniya. Kowane kashi sai ya fi na baya hayaniya, don ba abin da ya rage a ƙara sai ita.

Kuma fa lissafin yana biya. A 2024, cikin fina-finai goma da suka fi tara kuɗi a duniya, tara ci gaban wani fim ne ko share fagensa. Ɗayan da ya rage, Wicked, daga wasan dandamali aka ɗauko shi. Wanda ya zo na ɗaya, Inside Out 2, ya tara kusan dala biliyan 1.7. The Lion King na zane ya fito a 1994, aka sake shi da kwamfuta a 2019, kusan fage da fage, ya haura biliyan 1.6. Ka ce an raina mu? To ai mu muka kai kuɗin da ƙafarmu.

Amma a nan zan rabu da kai kaɗan, don na ji a tambayarka kamar ka ɗauka duk maimaici abin kunya ne. Mu Hausawa bai kamata mu yi wannan tunani ba. Gizo da Ƙoƙi sun fi kowane jarumin Amurka yawan kashi. Kowane dare ya dawo, da kwaɗayinsa da tsamin bakinsa, ba jikan da ya taɓa ce wa kakarsa ta sauya jarumi. Abin da yaro ba zai yafe ba shi ne a maimaita masa dabarar jiya. Gizon ya zama shi ne, wayon ya zama sabo. Haka ɗumame yake: in mace ta iya, ta sa miya sabuwa da ɗan man shanu, wallahi ya fi tuwon daren daɗi. In kuwa ruwa kawai aka yayyafa aka ɗora a wuta, tsami za ka ji.

Tarihin fim cike yake da ɗumamen da ya yi daɗi. The Godfather na biyu, na 1974, ya ci babbar kyautar Oska, kuma shi ne ci gaban fim na farko da ya taɓa cin ta. Dalili? Bai sake ba da labarin farko ba, ya koma baya ya nuna yadda uban ya taso, ya jera shi da yadda ɗan ke lalacewa, har fim na farkon ma ya ƙara nauyi. Scarface da samari ke liƙa hotonsa a ɗaki, na 1983, sabuntawa ne na wani fim na 1932. The Departed na 2006, wanda shi ma ya ci Oska, daga wani fim na Hong Kong na 2002 aka ɗauko shi. Kaboyi ma da iyayenmu suka kalla, wasu daga Japan suka taso: Akira Kurosawa ya yi Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka mayar da shi The Magnificent Seven a 1960 da izini. Shi kuwa Sergio Leone na Italiya ya ɗauki Yojimbo na 1961 ya mayar da shi A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da ya nemi izini ba, aka kai ƙara, aka sasanta da ba masu shi kasonsu.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ƴan fim na Kano ke kira wankiya. Tun bayan Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo, masana'antar ta taso da ƙafa biyu. Ɗaya littattafan Hausa ne, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da aka mayar fim. Ɗayar kuwa Indiya ce: a ɗauko labari, a ɗauko karin waƙa, a sa musu hula da gyale. Na sayar da irin waɗannan da yawa, ba zan yi maka fuska biyu ba, sun ciyar da gidana. Amma sau nawa na ga an wanko fim har da abin da ba ya zama a ƙasar Hausa, saurayi da budurwa na tsalle cikin lambu, uba na hana aure kan wani dalili da a Mumbai kawai yake da ma'ana. An wanke, ba a ɗauraye ba.

Ka san abin da ya karya wankiya? Fassara. Da Indiya-Hausa ta shigo, su Algaita suka sa jaruman Indiya na magana da Hausa har da habaici da baƙar magana, sai mai kallo ya ce me zai kai ni ga kwafi alhali ga na asali yana yarena? Abin mamaki, irin wannan ya sami Indiyawan da kansu. Shekaru da yawa masu fim na Hindi suna ɗauko fina-finan kudancin ƙasar su sake: Ghajini na Tamil na 2005 ya zama na Aamir Khan a 2008, Drishyam na Malayalam na 2013 ya zama na Hindi a 2015, har Sinawa suka sake shi a 2019. Amma daga lokacin da Baahubali, wani fim na kudancin, ya fito a 2015 da 2017 aka fassara shi kai tsaye ya mamaye ƙasar, mutane suka saba da kallon na asali, sai sabuntawa ta fara wuya. Laal Singh Chaddha na 2022, wanda aka sayi izininsa daga Forrest Gump na 1994, da Aamir Khan a ciki da komai, bai yi kasuwa a gida ba.

Batun kashi na biyu kuwa, namu salon daban ne, kuma na gan shi da idona. A zamanin faifai, da yawa daga abin da ake rubuta wa "1 da 2" ko "3 da 4" ba ci gaba ba ne, fim ɗaya ne aka datsa. Ƴan kasuwa ne ke sayen fim daga hannun furodusa, kuma faifai biyu sun fi ɗaya kuɗi. Na taɓa zama a wani ɗakin montaj, wato inda ake tace fim, ana neman inda za a yanke. Labarin bai wuce na awa ɗaya da rabi ba, ana so ya cika faifai biyu. Sai aka bar mota tana fita daga gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ta fita, ya rufe, ya koma ya zauna, duk a nuna. Aka ƙara waƙa ta uku. Sannan aka tsayar da na ɗaya daidai inda uwar miji ta ɗaga hannu za ta yi mari, aka rubuta mu haɗu a kashi na biyu. Mai saye ya dawo shagona washegari yana zagi, amma da kuɗin na biyun a hannunsa.

Yau faifan ya mutu, masu turi sun gaje mu, kowa da katinsa a salula. Kasuwa ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014, sai fim mai dogon zango ya zama sarki: Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Izzar So, Labarina. Wannan shi ne kashi na biyu da ba ya ƙarewa, don kuɗin yana zuwa ne daga talla da yawan masu kallo kowane mako, kuma wanda ya tara jama'a ƙarƙashin suna ɗaya ba ya son sallamarsu. Lura da Labarina: sun kammala labarin farko, suka ɗauko wani daban da wasu jarumai, amma suka riƙe sunan. A ganina wannan dabara ce mai kyau, sun gane sunan ne jari, sun kuma gane ba dole ne a ja labari ɗaya har ya tsinke ba.

Don yana tsinkewa. Kai ɗan Maraɗi ne, ka san abin da ke samun gonar da ake shuka mata gero shekara da shekaru ba hutu ba taki: ƙasa ta gaji, ƙuduji ya fito. Captain Marvel ya haura dala biliyan ɗaya a 2019, ci gabansa The Marvels na 2023 da ƙyar ya wuce miliyan 200. Joker na 2019 ya haura biliyan ɗaya, na biyunsa a 2024 shi ma ya tsaya wajen miliyan 200. Suna yana kawo mutane ranar Juma'a, amma zuwa Asabar labari ya zaga waya, kuma ba tallan da ke goge "kar ka ɓata kuɗinka" in abokinka ne ya faɗa maka.

Abin da ya fi damuna da wannan tsari shi ne cin iri. Duk sunan da ake tatsa yau, wata rana caca ce wani ya yi. Star Wars na 1977 sai da wasu kamfanoni suka ƙi shi kafin Fox ya karɓa, aka yi shi da kusan dala miliyan 11. Avatar na 2009 ba littafi ba ne, ba ci gaban komai ba ne, kuma ya tara sama da biliyan 2.9. Manomin da ya cinye irinsa saboda tsoron fari, da me zai fita in ruwa ya sauka? Kuma har yanzu sabon labari yana ci in an ba shi fili. Get Out na 2017 an yi shi da miliyan 4.5, ya tara sama da 250. Parasite na Koriya ta Kudu ya ci babbar Oska a 2020, fim na farko da ba da Turancin Ingilishi ba da ya yi haka. Oppenheimer na 2023, awa uku mutane na magana cikin ɗakuna, ya haura miliyan 950, ko da yake shi daga littafin tarihin rayuwar mutumin aka ciro shi. Sai dai ka lura, yawancin waɗannan ko dai masu arha ne, ko kuma daraktan ne da kansa ya zama sunan da ake saye.

Mu nan Nijar kuma matsalarmu ba ta Amurka ba ce. Su sun gaji da maimaita nasu, mu ko namu na asali yaranmu ba su gani ba. Tambayi abokanka a fada, mutum nawa suka san Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, Etalon de Yennenga, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame? Mutum nawa suka kalli Sarraounia na Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899? Ƙarshen waɗannan Turawa biyu ma a jiharmu ya faru, wajen Maijirgi a ƙasar Tasawa, inda sojojinsu suka juya musu baya. In da mai kuɗi zai ce mini in zaɓi fim ɗaya a sabunta da Hausa, da ƴan wasanmu da dawakinmu, wannan zan nuna masa, kuma ba zan kira shi rashin basira ba.

Mafi kyawun darasi kan aro da na sani ma ɗan ƙasarmu ne ya bayar. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da bindigogi da takalma, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu suna kwaikwayon abin da suka gani a silima, har wasa ya zama jini. Jarumarmu Zalika Souley na ciki. Komai na kaboyi ya aro, amma fim ɗin a kanmu yake, kan abin da kallo ke yi wa mai kallo. Bai kai minti arba'in ba. In ka shigo gari ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, biyo ta shago mu kalle shi tare, ka zo da abokan naka biyu ko uku, shayi a wuyana.